TAFI-DA-GIDANKA: YAWON BUƊE IDO DA ƊAKI A BAYAN MOTA

Hausawa suna cewa tafiya mabuɗin ilmi. Gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya ya san ba nisan hanya kaɗai ke damun matafiyi ba. Da rana ta yi gora sai tunani ya koma kan abu biyu: ina za a kwana, me kuma za a ci? In dare ya yi maka a garin da ba ka da kowa, to ko dai ka biya kuɗin hotal, ko ka shimfiɗa tabarma a tasha sauro ya yi biki. Mutanen Amurka da na Turai sun sami wata dabara a kan wannan matsala, watau sun kwaikwayi kunkuru, inda duk za su sai su tafi da ɗakinsu. A wannan ɗan rubutu ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda wannan ɗaki yake, da yadda ake jansa a kan hanya, da kuma yadda mai shi ke yi in ya iso babban birni yana son ya ga gari.

MENE NE TAFI-DA-GIDANKA?

Mu nan in an ce tirela, abin da ke zuwa mana a rai shi ne babbar motar nan mai ɗaukar siminti ko shanu. Wadda nake magana a kanta daban ce. Ɗaki ne ɗan madaidaici a kan tayoyi biyu ko huɗu, ba shi da inji, ba shi da sitiyari. Ƙaramar mota mai ƙarfi ko a-kori-kura ita ke jansa. Faɗinsa kamar ƙafa 8 ne, tsawonsa kuwa ya danganta da aljihun mai shi: akwai ɗan ƙarami na mutum biyu, akwai wanda ya wuce ƙafa 30.

In ka leƙa ciki sai ka rantse gida ne. Ga gado, ga tebur wanda akan naɗe shi da dare ya zama wani gadon, ga murhun gas, ga firji, ga wurin wanke-wanke, ga ɗan makewayi da wurin wanka. A ƙarƙashinsa akwai tanki uku. Na farko na ruwa mai tsabta ne, na biyu shi ke tara ruwan wanka da na wanke-wanke, na uku kuwa na bayan gida ne. Wuta iri biyu ce: akwai batir mai ba da fitila da tura famfo, akwai kuma doguwar waya wadda akan jona da lantarki in an sauka a masauki.

Turawan Ingila suna kiran wannan ɗaki karaban. Asalin kalmar daga Farisanci take, ma'anarta kuwa ayari. To, mu jikokin fatake ai mun san ayari, kuma nan gaba za mu ga ba sunan kaɗai suka haɗa ba.

ƊAN TARIHI

Tun kafin mota ta yawaita aka fara wannan abu. A shekarar 1885 wani likita ɗan Sikotlan, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki a kan ƙafafun keken doki, dawaki biyu suna ja, ya yi ta zaga ƙasar Birtaniya don shaƙatawa kawai. A 1907 masu sha'awar irin wannan yawo suka kafa ƙungiyarsu a Ingila. Da motoci suka yi araha a Amurka sai abin ya sami gindin zama a can, har a 1919 matafiya masu kwana a motocinsu suka kafa tasu ƙungiyar a garin Tampa na jihar Florida.

Mutumin da ya fi kowa suna a wannan fage shi ne Wally Byam, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1962. Shi ya kafa kamfanin Airstream, kuma a 1936 ya fito da wani ɗaki na farin ƙarfen alminiyam, mai zagayayyen jiki kamar na jirgin sama. Hikimarsa biyu ce: alminiyam ba shi da nauyi, zagayayyen jiki kuma yana keta iska ba tare da ya wahalar da motar da ke ja ba.

Byam bai tsaya ga ƙira kaɗai ba, ya zama madugu. A 1951 ya ja ayarinsa na farko zuwa Meksiko da ƙasashen tsakiyar Amurka. A 1959 kuma ya yi abin da har yau ake labari: ya kwaso ɗakuna 41 da mutane fiye da 100 a jirgin ruwa zuwa Cape Town, can ƙarshen kudancin Afirka, suka nufi arewa. Suka ratsa Kwango da Yuganda da Kenya, suka shiga Habasha inda Sarki Haile Selassie ya karɓe su, suka bi ta Sudan. Sun sha taɓo, sun sha karyewar ƙarafa, kuma ba duka ne suka kai ba, amma a farkon 1960 sauran suka isa Alƙahira, suka jera ɗakunansu a gindin dalar Fir'auna.

Wani abin da ya ƙara wa wannan yawo ƙarfi shi ne hanya. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan tagwayen hanyoyi masu haɗa jihohin Amurka. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 95, ta taso daga iyakar Kanada ta bi gabas har Miami, tafiyar mil 1,900 da 'yan kai. Ita za mu bi a misalinmu.

SHIRI KAFIN A TASHI

A nan ne ake cin riba ko a tafka asara, domin yawancin haɗarin tafi-da-gidanka tun a ƙofar gida ake ƙulla shi.

Abu na farko shi ne nauyi. Kowace mota akwai iyakar abin da masu ƙera ta suka ce za ta iya ja, an rubuta shi a littafinta. Mutane da yawa sukan duba nauyin ɗakin yana fanko, su manta da kaya. Alhali kuwa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In tankinka na cin lita 150, ka ƙara kilo 150 ke nan tun ba ka sa ko cokali ba. Ga tukwanen gas, ga abinci, ga tufafi, ga kekunan yara.

Abu na biyu shi ne yadda aka jera kayan, kuma wannan ya fi na farko muhimmanci. Ku dubi amalanken shanu. In aka tara kaya a baya sai gabanta ya ɗaga, karkiya ta shaƙe shanu. In kuma aka tara a gaba sai ta danne musu wuya. Haka ɗakin nan yake. A gabansa akwai wani dogon ƙarfe mai baki kamar ƙoƙo, wanda ke hawa kan wata ƙwallon ƙarfe a bayan mota. Ƙa'ida ita ce nauyin da ke danna wannan ƙwallo ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin ɗakin duka. A ce ɗaki da kayansa kilo 2,000 ne, to abin da zai hau kan ƙwallo ya kasance tsakanin kilo 200 da 300. Don a sami haka, akan sa wajen kashi 60 cikin 100 na kaya a gaban tayoyi, masu nauyi kuma a ƙasa. In aka saɓa, nauyi ya koma baya, da an fara gudu sai ɗakin ya kama lilo, yana kaɗa wutsiya dama da hagu, har ya fi ƙarfin direba ya kifar da mota.

Abu na uku shi ne haɗi. Bayan an ɗora ƙoƙo a kan ƙwallo an kulle, sai a maƙala sarƙoƙi biyu, a gitta su a ƙarƙashin ƙarfen, don ko da ya zame su tallafe shi kada ya soki kwalta. Sai a jona wayar fitilu, wani ya tsaya a baya ya duba ko fitilar birki da sigina suna kamawa. Ɗaki mai nauyi yana da birkinsa na lantarki, wanda ke kamawa duk sa'ad da direba ya taka na mota. Akwai kuma wata 'yar siririyar waya wadda in ɗakin ya ɓalle gaba ɗaya za ta fizgu, birkinsa ya kama da kansa. Daga nan sai a auna iskar tayoyi, a ƙara dogayen madubai a gefen mota, a rufe gas, a kulle ƙofofin kabad don kada kwanuka su watse.

A KAN HANYA

Direban da ke jan ɗaki dole ya sake koyon tuƙi. Motarsa ta yi tsawo, ta yi nauyi, ba ta tashi da wuri, ba ta kuma tsayawa da wuri, saboda haka sai ya bar rata mai yawa tsakaninsa da na gaba. Wasu jihohi ma sun sa masa iyakar gudu ta daban. A Kalifoniya, alal misali, mai jan tirela ba ya wuce mil 55 a awa. In zai sha kwana sai ya buɗe sosai, don tayoyin ɗakin sukan yanke ta ciki, su hau dakali ko su faɗa kwata. A gangare kuwa giya ake ragewa inji ya riƙe mota, gama in aka dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya daina kamawa.

To, in lilo ya fara fa? Yakan faru in iska ta bugo daga gefe, ko babbar mota ta wuce da gudu. Abin da zuciya za ta ce maka shi ne ka danna birki da ƙarfi, ka murɗa sitiyari, kuma wannan shi ne babban kuskure. Abin yi shi ne ka riƙe sitiyari sak, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taɓa birkin ɗakin shi kaɗai da hannu. Da ɗakin ya ja baya kaɗan sai ya miƙe, kamar yadda igiya ke miƙewa in an ja ta. Daga nan sai ka nemi wuri ka tsaya ka sake jera kaya.

Ribas shi ne abin da ke ba sabon shiga kunya, domin in ka juya sitiyari dama sai ɗakin ya yi hagu. Dabarar da ake koya wa mutane ita ce ka kama sitiyari ta ƙasa, ka kai hannunka wajen da kake so bayan ɗakin ya nufa, a hankali, wani kuma yana tsaye yana nuna maka. Har ila yau, a Ingila da jihohi da dama na Amurka doka ta hana kowa zama a cikin ɗakin ana tafiya. Kowa a mota zai zauna.

ZANGO

Da yamma sai a nemi masauki. Akwai filaye na musamman, wasu na gwamnati a cikin gandun daji, wasu na 'yan kasuwa, inda ake biyan kuɗin kwana. Da an sami wuri sai a daidaita ɗakin kada ya karkace, a tare tayoyi da katako kamar yadda yaran mota ke yi, sannan a kwance mota. In wurin yana da ruwa da wuta sai a jona tiyo da waya. Ranar tashi kuwa akwai ramin da aka tanada don juye ƙazanta. Ana fara juye tankin bayan gida, sannan na ruwan wanka, don ruwan sabulu ya wanke tiyon. Zubar da ƙazanta a bakin hanya laifi ne mai tara.

Akwai wani maƙiyi da ba a gani. Gas ko janareta in suna ci a rufaffen wuri sukan fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Saboda haka ake sa wata 'yar na'ura mai ƙara a cikin ɗakin, kuma ba a yin ɗumi da murhun girki. Wannan gargaɗi ya shafe mu, mu da muke kunna janareta a gidajenmu, ko mu shiga ɗaki da kaskon gawayi lokacin hunturu.

GA BIRNI, INA ZA A SA ƊAKI?

Yanzu mun zo ga ƙashin bayan magana. Ɗakin da ya ba ka 'yanci a daji, shi ne ke zame maka ƙarfen ƙafa a birni. Mu ɗauka wani magidanci ya taso da iyalinsa daga arewa, ya biyo hanya mai lamba 95 zai kai su Washington, babban birnin Amurka.

Matsalarsa ta farko tana jiransa a New York. Akwai wasu tsofaffin hanyoyi a kewayen birnin da aka gina don ƙananan motoci kawai. Gadojin da suka ratsa ta kansu gajeru ne, kuma doka ta hana tirela bin su. Wanda bai san tsayin ɗakinsa ba, ya bi su a makance, zai bar rufinsa a jikin gada. Don haka matafiya sukan rubuta tsayin ɗaki a takarda su manna a gaban direba.

Matsala ta biyu tana Baltimore. A can hanyar takan nutsa ta bi ta ƙarƙashin ruwan tashar jiragen ruwa, kuma an hana shiga ramin da tukunyar gas wadda ta wuce kilo huɗu da rabi, don in wuta ta tashi a ciki babu mafita. Tukwanen tafi-da-gidanka kuwa yawanci na kilo 9 ne ko fiye. Dole mai ɗaki ya bar hanya ya zagaye birnin. Akwai wata babbar gada da masu irin wannan kaya suka saba bi, amma a watan Maris na 2024 wani jirgin ruwan dakon kaya ya buge ta ta rushe, sai zagaye ya koma ta yammacin gari. Kun ga amfanin tambayar labarin hanya kafin a tashi.

Matsala ta uku ita ce Washington ɗin kanta. Tituna cike suke da motoci, wurin ajiye mota tsada gare shi, gidajen ajiyar kuma rufinsu bai kai tsayin ɗaki ba. To, mene ne abin yi? Abin da kakanninmu fatake suka yi shi za a yi. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ba ya kutsawa tsakiyar gari da jakuna da kaya. A zango yake sauka, a gefen gari, a sauke kaya, sannan mutane su shiga kasuwa da ƙafa. Haka mai tafi-da-gidanka zai yi. Kamar mil 12 daga Washington, a jihar Maryland, akwai wani gandun daji na gwamnati a Greenbelt mai wurin saukar matafiya. Sai ya ajiye ɗakinsa a nan, ya kai motarsa tashar jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya fara aiki a 1976, su shiga birni hannu na dukan cinya.

ABIN KALLO

A tsakiyar Washington akwai wani dogon fili mai ciyawa, tsawonsa kamar mil 2. A ƙarshensa na gabas ga ginin majalisar dokoki mai farar ƙubba. A ƙarshensa na yamma ga ginin tunawa da Shugaba Lincoln, wanda aka buɗe a 1922, kuma a kan matakalarsa ne Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa na neman 'yancin baƙar fata a 1963. A tsakani ga hasumiyar tunawa da George Washington, mai tsayin ƙafa 555, wadda aka gama a 1884. Fadar shugaban ƙasa tana arewa da ita kaɗan.

A gefen filin kuma gidajen tarihi ne a jere, na cibiyar Smithsonian, kuma shigarsu kyauta ne. Wani Bature ɗan Ingila, James Smithson, wanda bai taɓa taka Amurka ba, shi ya bar dukiyarsa wasiyya don yaɗa ilmi, aka kafa cibiyar a 1846. A gidan tarihin jiragen sama za ka ga jirgin da 'yan'uwan nan biyu, su Wright, suka fara tashi da shi a 1903. Akwai kuma gida guda na kayan fasahar Afirka. Wani abin sha'awa, a reshen gidan tarihin jiragen sama da ke jihar Virginia an ajiye wani tafi-da-gidanka ƙirar Airstream. A cikinsa aka killace Armstrong da Aldrin da Collins da suka dawo daga tafiyar wata a 1969, don gudun ko sun kwaso wata cuta. Ta tagarsa Shugaba Nixon ya yi musu barka da zuwa.

Mai hankali ba ya cewa sai ya ga kome a rana ɗaya. Ya zaɓi wuri biyu ko uku, ya fita da sassafe, ya sa takalmi mai daɗin tafiya, ya riƙe ruwa da ɗan guzuri, a kuma yanke wurin da za a haɗu in yaro ya ɓace. Ya san lokacin jirgin komawa, don kada garin kallon ruwa kwaɗo ya yi masa ƙafa.

RIBA DA HASARA

Kada mu ɗauka abin duk daɗi ne. Gaskiya mai ɗaki ya huta da kuɗin hotal, yana cin girkin gida, yana kwana a gadon da ya saba. Ga wanda ke kula da abin da zai ci saboda addini ko rashin lafiya, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Amma ɗakin da tsada, motar da ke jansa tana shan mai fiye da ƙima, ga kuɗin masauki, ga gyara, ga inda za a ajiye shi sauran watannin shekara. Iyali mai yawa da za su daɗe a hanya su ke cin moriyarsa. Wanda zai yi kwana uku a birni ɗaya kuwa, gara ya shiga jirgi ya kama hotal. Shi ya sa wasu ba sa saye, haya suke yi.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, ko da ba mu mallaki tafi-da-gidanka ba, darasinsa namu ne. In za a tafi gida hutu ko bikin salla, mu tuna wa iyayenmu cewa kowace mota tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kaya masu nauyi kuma ƙasa ake sa su, ba a kan rufi ba. In makaranta ta shirya mana ziyara, mu nemi labarin wurin tun kafin mu je, mu tafi da littafi da fensir. Ba kuma sai Washington ba. Mu nawa ne muka taɓa shiga gidan tarihin da ke garinmu? Mu fara da na kusa, gani ya kori ji. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.